Uwar Ɓeraye da Kwalbar Man Zafi

Shekara ashirin da ɗaya ke nan rabon baiwar Allahn nan da turare. Ba don ba ta so ba, aiki ne ya raba su. A hawan ƙasa na wata cibiyar bincike take aiki, a ɗakin da ake ajiye fararen ɓerayen gwaji, kuma dokar farko da aka karanta mata ranar da aka ɗauke ta ita ce ba a shiga wurin da ƙamshi. Ba turare, ba sabulu mai tashi, ba man gashi. Shi ɓera da hanci yake ganin duniya. Da ya ji baƙon wari hankalinsa ya tashi ke nan, aikin ranar kuma ya tashi a banza. Ta riƙe dokar nan tamkar farilla. Ko taron mata ta je ana feshe-feshe, sai ta ja gefe tana kare mayafinta, har ƙawaye suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Da fari sunan yana ƙona mata rai. Yau kuwa in ka kira ta da sunanta na gaskiya sai ta yi jim kafin ta waiwaya.

Da wankin keji ta fara, tana 'yar shekara ashirin da biyu, ba takardar komai a hannunta sai ta sakandare. Kwashe kashi, zuba sabuwar dusar katako, cika kwalaben ruwa, shi ke nan aikinta. Wani tsohon Farfesa, Allah ya jiƙansa, shi ya lura cewa in ita ta buɗe keji ɓerayen ba sa rugawa lungu, sai ma su zo suna shinshina yatsunta. Ya kira ta ya ce, "Ke, ajiye bokitin nan, hannunki ya fi ƙarfin wanki." Ranar ya fara koya mata aikin da ta ci abinci da shi har furfura ta fara leƙowa.

Aikin ba shi da hayaniya. Masu bincike kan ɗauki ɓera su sa masa maganin barci, su ɗan taɓa jijiya ɗaya a cinyarsa, su ɗinke. Cikin 'yan kwanaki wurin ya warke sumul, gashi ya rufe. Sai a kawo mata shi, ta ɗora shi a kan ragar waya cikin akwatin gilashi, ta zauna shiru rabin awa har ya manta da ita. Sannan ta buɗe 'yar jakar kayan aikinta. Tsinkayen roba ne a ciki, sirara masu lanƙwasa, kowanne da lambarsa, daga mai kaurin silin gashi har mai kaurin tsinken tsintsiya. Ta ƙasan ragar take miƙa tsinke, ta taɓa tafin ƙafar baya har tsinken ya lanƙwashe, ta zuba ido. Lafiyayyen ɓera ko a jikinsa, sai an kai ga mai kauri yake ɗaga ƙafa. Wanda aka taɓa wa jijiya kuwa, silin gashi kawai zai sa ya fizge ƙafar ya hau lasa kamar ya taka garwashi. Sai ta ce masa "yi haƙuri" ƙasa-ƙasa, ta rubuta lambar tsinken a takarda, ta matsa ga na gaba. Shekara ashirin ba ta daina ba su haƙurin nan ba.

Wata rana abin ya ishe ta, ta tambayi Farfesa, "Ranka ya daɗe, ciwo dai ya warke, to zafin me yake ji?"

Tsohon ya ja kujera ya zana mata a bayan takarda. Ya ce saƙon da jijiya ke ɗaukowa daga ƙafa ba kai-tsaye yake zuwa ƙwaƙwalwa ba, sai ya yada zango a cikin laka, wato igiyar jijiyar da ke cikin ƙashin baya. A can akwai ƙwayoyin halitta masu miƙa saƙo, akwai kuma wasu ƙanana da aikinsu gadi ne da shara. A ƙa'ida akwai birki da ke hana saƙon taɓi ya bi hanyar saƙon zafi. Amma in jijiya ta ji rauni sai masu gadin nan su farka, su riƙa fitar da sinadarai, sinadaran su kwance birkin. Fata ta haɗe, rauni ya tafi, su kuwa ba su koma sun kwanta ba. Daga nan duk abin da ya taɓa ƙafar, ko da iska ce, sai a kai wa ƙwaƙwalwa rahoto cewa wuta ce.

"To a ce musu su kwanta mana," in ji ta.

Farfesa ya yi dariya. "Abin da muke nema ke nan, 'yata. Har yanzu ba mu iya yarensu ba."

Bayan tsinkaye, ta koyi karanta fuska. Ɓera ba ya kuka, amma in yana jin jiki idonsa kan ƙanƙance, kunnuwansa su ja baya, gashin bakinsa ya miƙe. Tun daga bakin ƙofa takan nuna keji ta ce wancan yau bai kwana da daɗi ba, a duba kuma a tarar haka ne. Ɗalibai sun zo sun yi digiri a kan lambobinta sun tafi, ita tana nan a kan kujerarta mai gajerun ƙafafu.

Mijinta mai walda ne. Rumfarsa na bakin babban titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, can yake haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Mutum ne mai dariya da dukan ciki, irin wanda kan ji muryarsa kafin a gan shi. Shi kaɗai ne ba ya ce mata Uwar Ɓeraye. Likita yake ce mata, in tsokanar ta motsa ya ƙara da "ta masu wutsiya". 'Ya'yansu biyu duk sun tashi, macen ta yi aure a wani gari mai nisa, namijin yana aiki a wata ƙasa, sai dai waya.

Ranar da abin ya faru, wani faffaɗan ƙarfe ne ya zame daga kan benci ya yanke shi a ƙafar dama, sama da idon sawu kaɗan. Aka ɗinke, cikin wata ɗaya ya warke, tabon ma bai fi tsawon yatsa ba. Ya koma rumfa. Sai ga shi ya fara dawowa gida tun da hantsi yana ɗingishi, wai ƙafar ci take da wuta. Wando ya taɓa, wuta. Iskar fanka, wuta. Zanin gado, wuta. Ya sa almakashi ya datse ƙafar dama ta duk wandunansa daga gwiwa. Asibiti kuwa ba wanda ba su je ba. A ɗauki hoto, a ɗebi jini, a ce ba a ga komai ba, a rubuta ƙwayoyin da ke sa shi gyangyaɗi da rana tsaka amma ba sa kashe wutar. Kafin shekara ta zagayo ya rufe rumfa, ya sayar da injin walda.

'Yan'uwa suka fara ƙananan maganganu. Yayansa ma bai ɓoye ba, ya zo har falo ya ce, "Haba ɗan'uwa, ciwon da ya warke tun bara? Ka cire wa ranka, ka tashi ka nemi na kanka. Zaman gida daɗi gare shi, mun sani."

Ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Yaya, da girmanka. Wallahi ciwon nan gaskiya ne. Ni nake auna irinsa kullum da hannuna."

"A jikin ɓera?" in ji shi, ya kwashe da dariya. Kai, mutane! In ba su ga jini ba, ba su ga ciwo ba. Ta yi shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa ta da mutumin nan, ita ma a tsaitsaye.

Ita kaɗai ta yarda da mijinta ɗari bisa ɗari, kuma saboda ta yarda ɗin ta kafa dokoki a gidan. Ta sauka daga gadonsu ta koma katifa a ɗakin yara, kada ta juya cikin barci ta goge shi. Ta ja kujerarsa lungun falo inda ba a wucewa. Abinci daga nesa take miƙa masa, iya tsawon hannu. In jikoki suka zo hutu sai ta tare su tun daga ƙofa, "Kar wanda ya matsa kusa da Kaka!" Duk don ƙauna ta yi, Allah shi ne shaida. Burinta na duniya ya dunƙule ya zama ɗaya tak: ta ga ranar da za ta rage wa mutumin nan zafi da hannunta, ko na awa guda ne.

A shekara ta huɗu mai kemis na unguwarsu ya tallata mata wani man zafi a 'yar kwalba mai koren murfi, irin mai yajin nan da ke sa ido hawaye. Hankalinta ya ce mata a'a, ita da ta san silin gashi ma azaba ne. Amma ta taɓa jin ana cewa a wurin aiki wani lokaci matsa mai nauyi ba ta kai shafa sama-sama zafi ba, wanda ruwa ya ci kuwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta saya. Washegari da safe ta ce ya kwanta ruf da ciki. Ya kife fuskarsa a filo, ta lakato man ta fara murza masa daga bayan gwiwa zuwa idon sawu. Ta ji naman ƙafar ya ƙame a hannunta, ta tsaya.

"Malam, da zafi? In bari?"

Muryarsa ta fito daga cikin filon. "Ci gaba, Likita. Da daɗi."

Da ta gama ya daɗe kwance a haka, zufa ta jiƙa masa bayan riga. Ta ce a ranta man ne ke aiki. Ta fita zuwa tashar bas tana jin kamar ta yi tsalle. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida, kowace safiya minti goma kafin ta fita. Dokar wurin aiki kuwa ba ta manta da ita ba. Takan wanke hannu sau uku da sabulu marar ƙamshi, ta goge ƙarƙashin farce da buroshi, ta sake kaya, in ta isa ta sa safar hannu biyu. Ta shinshina kanta ta ji ba komai, ta ɗauka ta gama da wari.

A lokacin wata matashiyar Dakta ce ke amfani da ɗakin ɓerayen. Ba ta girmi 'yarta ba, Mama ma take ce mata. Shekara uku yarinyar nan tana bin wani magani da take sa ran zai toshe ƙofar da ake bi a tayar da masu gadin nan na cikin laka. A irin wannan gwaji rukuni biyu ake yi, wasu ɓerayen a ba su magani, wasu a ba su ruwan gishiri kawai, a gwama. To maganin ya yi watanni a hanya bai iso ba. Don kada a zauna haka, Dakta ta ce a fara da 'yan ruwan gishiri. Aka auna su aka gama, duk suna fizge ƙafa tun daga silin gashi, kamar yadda aka sani. Maganin bai iso ba sai a makon da kwalba mai koren murfi ta shiga gidan Uwar Ɓeraye.

Abin mamaki, rukuni na biyu suka ƙi fizge ƙafa. Silin gashi, shiru. Na gaba da shi, shiru. Wasu sai an kusa kaiwa ga tsinken tsintsiya. Dakta ta duba takardun ta sake dubawa, ta rungume ta a tsakiyar ɗaki tana cewa, "Mama, kin ga abin da nake gani?" Aka kawo wasu ɓerayen aka sake ba su maganin, sakamakon bai canza ba. Manyan cibiyar da ba su taɓa sanin hanyar hawan ƙasa ba suka fara saukowa suna leƙe.

Kullum da yamma takan kawo wa mijinta labari da ɗuminsa. "Malam, yau mai lamba goma sha huɗu har da tsayuwa a kan ƙafar yana wanke fuska." Shi kuma ya ce, "Ki gaya wa Dakta akwai wani ƙaton ɓera a gida, wutsiya ce kawai babu, a sa shi a layi." Ta san tsakanin keji da kemis tafiyar shekaru ce, ta gaya masa ma. Duk da haka ta sa rai, sa rai mai tsanani. Ga man zafi da safe, ga magani na tafe. Watanni takwas aka yi a haka, su ne mafi daɗi da ta gani tun ranar da ƙarfen ya faɗo.

Mai gadin ƙofar cibiyar, wani tsoho mai yawan mura, shi ne ya ɓaro zancen, bai ma san ya yi ba. Wata Litinin tana miƙa masa katinta ya ce, "Sannu Uwar Ɓeraye, wai har yanzu bayan bai saki ba?"

"Wane baya?"

"Ai na ga watanni ke nan kina shafa man zafi. Tun kina tsallako titi nake jin ki. Na ce baiwar Allah tana fama, ba ta dai faɗa ne."

Ta kai hannun rigarta hanci, ba ta ji komai ba. Ta shinshina mayafi, ta shinshina jaka, ba komai. Ashe hancinta ne ya saba. Warin ya kama gidan gaba ɗaya, labule, katifa, kayan da ke cikin durowa, har gashin kanta. In tsoho mai mura ya ji ta daga tsallaken titi, ina ga ɓera da ke nesa da ita da taki ɗaya? Kuma ta sani sarai, tun zamanin Farfesa, cewa ɓeran da ya tsorata yakan daskare ya ɓoye ciwonsa, jikinsa ma ya danne zafin na ɗan lokaci.

Ba ta gaya wa kowa ba tukuna. Akwai ɓeraye huɗu da suka rage, an taɓa musu jijiya amma ba a ba su komai ba. Ta ɗora su a kan raga, ta zauna rabin awarta, ta miƙa silin gashi. Shiru. Na gaba, shiru. Su ma sun "warke", ba tare da ɗigon magani ba. Ta duba fuskokinsu da kyau, abin da murna ta hana ta yi watanni, ta ga idanu a ƙanƙance, kunnuwa a baya. Ta ajiye tsinken ta zauna a ƙasa, farar rigarta da komai.

Kwana biyu tana kokawa da zuciyarta. Dakta ta gama rubuta rahoto, saura aikawa. In ta yi shiru ba mai sani. Amma ta tuna wani wuri can akwai mai ƙafa irin ta mijinta da za a sa wa rai a banza, ta ji ba za ta iya haɗiye abin ba. Ranar Laraba ta hau bene ta ƙwanƙwasa ofishin Dakta, ta ajiye kwalbar a kan tebur tare da takardar ɓerayen nan huɗu, ta faɗi komai.

Dakta ta ɗauki takardar ta karanta. Can ta cire tabarau ta ce, "Shekara uku, Mama." Hawaye ya zubo mata.

"Ki yafe ni, 'yata. Ni na ɓata miki. In kora ce ma na cancanta."

"Wa zai kore ki? Da na haɗa rukunin biyu a lokaci ɗaya yadda ya kamata, da tun makon farko mun gane. Gaggawata ce." Ta share fuska. Ta ce ba za a iya rantsuwa cewa warin ne ba, amma kuma ba za a iya cewa maganin ne ba. Sai an sake daga farko, a cakuɗa ɓerayen, mako shida cur. Kuma a makonnin nan man zafi ba zai kwana a gidanta ba, ba safe ba yamma, a wanke duk abin da ke wankuwa.

Wannan ne ya fi yi mata ciwo. Abu ɗaya tilo da take iya yi wa mijinta, shi za ta janye saboda ɓeraye. Da yamma ta tsaya daga inda ta saba tsayawa, nesa da kujerarsa, ta yi masa bayani tana haɗa shi da Allah ya yi haƙuri. Ya saurara har ta gama.

"Mako shida?" ya ce.

"Mako shida, Malam."

Ya sunkuyar da kai. "To. Aiki ai aiki ne." Ta ga yadda fuskarsa ta faɗa, ta ce a ranta tsoron azabar da ke jiransa ne. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta fito ta fara sauke labule.

Ta shirya ganin tashin hankali, sai ta ga akasin haka. A mako na farko ta fito da safe ta tarar ya riga ta tashi, yana zaune yana sauraron rediyo. A na biyu ya shanye shayinsa ya nemi ƙarin burodi, mutumin da watanni takwas ba ya iya sa komai a baki sai rana ta take. A na uku har ya dogara sanda ya raka ta bakin ƙofa. Ciwon yana nan, ba inda ya je, amma zufar safen nan ta ɗauke, idonsa ya buɗe. Macen da ta yi shekara ashirin tana aikin cire abu ɗaya a ga me zai canza ba ta buƙatar a fassara mata wannan. Ta gane tun a mako na biyu. Ta ƙi yarda ne kawai, kullum ta ce bari ta ƙara gani.

Ranar da mako shida ya cika Dakta ta buɗe ambulan da ke nuna wane ɓera ya sha me, suka jera lambobin tare. Bambancin da ke tsakanin 'yan magani da 'yan ruwan gishiri bai taka kara ya karya ba. Dakta ta ce akwai wata ƙofar da za ta gwada, ba a nan duniya ta ƙare ba. Uwar Ɓeraye ta gyaɗa kai kawai. Ta wanke tsinkayenta, ta ba kowane keji ruwa, ta kama hanyar gida tun kafin la'asar.

Ta same shi a lungunsa, ƙafar a miƙe a kan 'yar kujera. Ta faɗa masa ba kwana-kwana, "Maganin bai yi ba, Malam."

Ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya ba masu wutsiya haƙuri. Mu ma ya ba mu." Sannan ya ce, yana kallon bango, "To tunda an gama, gobe sai ki biya kemis ki sayo mana kwalbar."

"Dube ni."

Bai juyo ba.

"Malam, don girman Allah ka dube ni. Man nan yana rage maka zafi?"

Ya juyo a hankali. Karo na farko ke nan da ta yi masa tambayar fuskarsa ba a cikin filo ba. Ya buɗe baki zai yi wasa, wasan ya ƙi fitowa.

"Kamar ana zuba min narkakken ƙarfe," ya ce. "Tun ranar farko. In kin fita nakan kai azahar kafin in iya juyawa."

Ta dafa bango. Garin neman gira ta tsone ido. Safiya fiye da ɗari biyu, da hannunta, tana murzawa da ƙarfi don ya shiga sosai, har tana yi masa 'yar waƙa. Ita da ke gane ciwon ɓera daga bakin ƙofa! Baƙin ciki ya taso mata ya haɗu da fushi, muryarta ta tashi.

"Me ya sa? Me na yi maka da za ka bar ni in yi ta gana maka azaba? Na tambaye ka! Kullum sai na tambaye ka!"

"Kin tambaya."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya duba hannayensa, hannayen da tartsatsin walda ya yi wa tabo ko'ina. "Likita, shekara uku kafin kwalbar nan ba wanda ya taɓa ni. Ke kin koma ɗakin yara. Jikokina daga ƙofa suke gaishe ni. Kofi ma sai kin ajiye kin janye hannu sannan in ɗauka. Ban ga laifinki ba, na san don ni kike yi. Amma ranar da kika ɗora min hannu, na ce ko wuta ce zan sha. Minti goma ne. Da na ce da zafi, da kin daina."

Ta tsaya a tsakiyar falon, tazarar nan da ita da kanta ta auna tana tsakaninsu, hawaye na bin fuskarta ba ta ko sharewa.

"Za ki sayo?" ya sake tambaya, a hankali, kamar mai roƙo.

"Wallahi ba zan iya ba."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da fuskarsa bango.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta je ta ɗauko kujerar roba daga kicin, ta zagaya ta hagunsa, gefen lafiyayyar ƙafar, ta cusa kujerar tsakaninsa da bango inda da ƙyar ta shiga. Ta zauna. Ta jingina kafaɗarta da tasa, ta kama hannunsa na hagu ta riƙe da hannu biyu. Ta ji jikinsa ya ƙame, sannan ya saki a hankali, nauyinsa ya kwanto mata.

Sun jima a haka. Can ya yi 'yar dariya.

"Oh ni. Wata takwas ina shan wuta, ashe kujera kawai za ki jawo."

Ta so ta yi dariyar tare da shi, kuka ya ƙwace mata. Iska ta ɗan shigo ta taga ta bi ta kan ƙafar dama, ta ji yatsunsa sun matse nata da ƙarfi har ƙashi, ya riƙe numfashi yana jira abin ya wuce. Ba ta da abin ba shi, ba magani ba mai. Ta bar masa hannun ya yi ta matsewa.